Tarihin Kariya daga Jelifish Mai Dafi a Gaɓar Arewacin Ostireliya

Gaɓar tekun arewacin Ostireliya, wadda ta taso daga wajejen garin Gladstone a jihar Queensland, ta bi ta Townsville da Cairns, ta zagaya tsinin Cape York har ta dangana da Darwin da Broome, tana cikin wuraren da aka fi zurfafa nazarin halittun teku masu dafi a duniya, kuma abin da ya jawo wannan nazari shi ne an shafe shekaru kusan 70 ana binne mutanen da suka shiga ruwa da ƙafarsu ba tare da an san takamaiman abin da ya kashe su ba. Ruwan wannan yanki yana da ɗumi a duk shekara, kuma a ɓangaren Queensland jerin tsaunukan murjani da ake kira Great Barrier Reef, mai tsawon fiye da kilomita 2,300, yana tare ƙarfin igiyar teku, saboda haka bakin ruwan yakan kwanta lumui, ya yi kyan gani, ya ja hankalin yara da baƙi a daidai watannin zafi da damina, wato daga Nuwamba zuwa Mayu, waɗanda su ne watannin da haɗarin ya fi tsanani. Hanyoyin kariyar da ake gani a can yau, kamar ragar da ke killace wurin iyo da kwalaben ruwan khal da aka kafa a bakin ruwa, kowace tana da tarihinta, kuma akasarinsu an same su ne bayan an yi asarar rai.

Halittar da ke tsakiyar wannan tarihi wani nau'i ne na jelifish, wato dabbar teku mai taushin jiki wadda ba ta da ƙashi ko jini, kuma kusan ilahirin jikinta ruwa ne. Irin da ake magana a kansa yana da gangar jiki mai kusurwa huɗu, shi ya sa ake ce masa mai siffar akwati, faɗinsa yakan kai santimita 30 idan ya girma, kuma daga kowace kusurwa zarurruka kusan 15 ke saukowa, kowane zare yana iya miƙewa har mita 3. A jikin waɗannan zarurruka akwai miliyoyin ƙananan jakunkuna da ido ba ya gani, kowace tana ɗauke da ƙaya a nannaɗe, wadda take fita da ƙarfi ta huda fata ta zuba dafi da zarar zaren ya taɓa jikin kifi ko na mutum. Wannan halitta ba ta jiran igiyar ruwa ta kai ta inda ta ga dama kamar yadda yawancin danginta suke yi, domin tana da idanu 24 da aka rarraba gida huɗu, tana iyo da kanta, tana farautar jatan lande da ƙananan kifaye a ruwa mara zurfi, wato daidai inda yara ke wasa. Jikinta garau yake kamar ruwan da take ciki, kuma idan zarurruka masu yawa suka naɗe mutum, zuciyarsa tana iya tsayawa cikin minti biyu zuwa biyar.

Al'ummomin asali na ƙasar, waɗanda suka rayu a wannan gaɓa dubban shekaru kafin zuwan Turawa, sun san lokacin da teku ke zama abin tsoro, suna da sunayen halittar a harsunansu, kuma sukan hana yara shiga ruwa idan damina ta kama. Turawan da suka kafa garuruwan gaɓar a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ba su ɗauki wannan sani da muhimmanci ba, kuma tun daga shekarun 1880 jaridun yankin suka soma kawo labarin yaran da suka fito daga ruwa suna kururuwa, jikinsu da shatar bulala ja, suka faɗi suka cika kafin a kai ga likita. An daɗe ana ɗora laifin a kan wata halitta daban mai suna Physalia, wadda take da shuɗiyar jakar iska da ke yawo a saman ruwa, don kawai ita ce ake gani a kan yashi bayan iska ta koro ta. Harbinta yana da zafi ƙwarai, amma da wuya ya yi kisa, kuma wannan kuskure ya yi illa babba, domin mutumin da ya duba ruwa bai ga shuɗiyar jaka ba yakan saki jiki ya shiga da iyalinsa.

Mutum biyu ne suka soma warware wannan ruɗani. Na farko shi ne Ronald Southcott, likita daga Adelaide wanda aikin soja ya kai shi yankin Cairns a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya lura cewa harbin da sojoji ke samu a wurin wanka iri biyu ne, akwai wanda ke barin mummunan tabo nan take, akwai kuma wanda ba ya barin alamar kirki amma yakan kwantar da mutum bayan ɗan lokaci. Na biyu shi ne Hugo Flecker, likitan ɗaukar hoton ƙashi wanda ya koma Cairns a 1932, ya kafa ƙungiyar masu nazarin halittu ta arewacin Queensland a wannan shekara, ya kuma shiga rubuta duk wani harbi ko cizo da ya samu labarinsa, da rana da wuri da yanayin iska. A watan Janairun 1955 wani yaro ɗan shekara 5 ya rasu bayan an harbe shi a ruwa mara zurfi a garin Cardwell, tsakanin Townsville da Cairns, sai Flecker ya nemi 'yan sanda su ja koma a wurin, kuma cikin abin da komar ta kamo akwai wani jelifish mai kusurwa huɗu wanda ba a taɓa bayyana shi a littattafan kimiyya ba. Ya aika wa Southcott, wanda ya tabbatar da cewa sabon jinsi ne, ya raɗa masa suna Chironex fleckeri a 1956 don girmama Flecker. Flecker ya rasu a shekarar da ta biyo baya, amma daga wannan lokaci masu gargaɗi suka sami abin da za su nuna wa jama'a da hotonsa da girmansa, kuma duk matakan da aka ɗauka daga baya a kan wannan ganowa suka ginu.

Sauran harbin nan mara tabo ya ci gaba da zama abin ɗaure kai. Flecker ya riga ya bayyana alamominsa a 1952, ya kira shi ciwon Irukandji, da sunan al'ummar asali da ƙasarsu ta shimfiɗu a gaɓar arewa da Cairns. Wanda aka harba yakan ji ɗan ƙaiƙayi kawai, ya ci gaba da harkarsa, sai bayan kamar rabin awa ciwon baya mai tsanani ya taso masa, tare da murɗawar ciki da amai da gumi da hawan jini, da wani irin firgici da marasa lafiya ke bayyanawa da cewa suna jin mutuwa ta iso. Likitan da ya ci gaba da aikin Flecker, Jack Barnes, ya yi nazarin rahotannin ya yanke cewa halittar dole ƙarama ce ƙwarai, mai jiki garau, tana yawo kusa da saman ruwa, kuma iskar arewa ce ke koro ta bakin gaɓa. Da wannan lissafi ya riƙa kwanciya a ƙasan ruwa da kayan nutso na awoyi yana kallon sama, har a watan Disambar 1961, a Palm Cove, aka kama wata 'yar halitta wadda gangar jikinta ba ta wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba, mai zare huɗu kacal. Don ya tabbatar da zarginsa sai ya manna ta a hannunsa, da hannun wani matashi mai aikin ceto, da hannun ɗansa mai shekara 9, kuma su ukun sai da aka kwantar da su a asibiti da cikakkun alamomin ciwon. Ya wallafa sakamakon a 1964, Southcott kuma ya sa wa halittar suna Carukia barnesi a 1967.

Ana yawan ba da wannan labari da sigar jarumta, kuma babu shakka amsar da Barnes ya samo ta amfani dubban mutane, amma sanya yaro cikin gwajin da ba a san ƙarshensa ba abu ne da babu hukumar lafiya da za ta yarda da shi a yau, musamman da yake daga baya ta tabbata cewa wannan ciwo yana iya yin kisa. Aikin Barnes da ya fi cancantar yabo shi ne wanda ba a cika ambata ba, wato shekarun da ya kwashe yana kama babban jelifish ɗin, yana gano hanyar tatsar dafinsa ta hanyar sa zarurrukan su harbi wata siririyar fata sannan a wanke dafin daga bayanta. Da irin wannan dafi ne cibiyar haɗa magunguna da ke Melbourne, wadda ake kira CSL, wadda a lokacin ta gwamnati ce, ta samar da makari a 1970, ta hanyar yi wa tumaki allurar dafin kaɗan-kaɗan har jininsu ya samar da garkuwa. Makarin ya shiga asibitoci da motocin ɗaukar marasa lafiya, yana rage zafi a wasu lokuta, sai dai likitoci sun daɗe suna muhawara a kan ko yana ceton rai, domin dafin yakan tsayar da zuciya tun kafin mai allura ya iso, kuma akwai waɗanda suka rasu duk da an ba su shi. Abin da ya tabbata shi ne wanda numfashinsa ko bugun zuciyarsa ya tsaya a bakin ruwa, rayuwarsa tana hannun mutumin da ke kusa da shi, wanda ya iya danna ƙirji da hura numfashi kuma bai gaji da yi ba har taimako ya zo.

Tarihin taimakon gaggawa a wannan fage yana da darasi mai ɗaci, domin shawarar da hukumomi suka yi ta bayarwa tsawon shekaru ta zama mai cutarwa. Har zuwa ƙarshen shekarun 1970 ana koya wa masu ceto su zuba sifirit a kan zarurrukan da suka manne a fata, a bisa zaton cewa yana busar da su. A 1980 Robert Hartwick na Jami'ar James Cook da ke Townsville, tare da abokan aikinsa likitoci, suka gwada ruwaye iri-iri a kan zarurrukan a ƙarƙashin madubin ƙara girma, suka ga sifirit yana sa jakunkunan da ba su fashe ba su harba gaba ɗaya, wato yana ƙara wa mara lafiya dafi, alhali ruwan khal na girki, wanda Turawa ke kira binega, yana kashe ƙarfinsu har abada cikin daƙiƙa 30. Ruwan khal ba ya rage zafi, ba ya kuma warware dafin da ya riga ya shiga jiki, aikinsa kawai shi ne hana ƙari, amma da yake mafi yawan jakunkunan da ke kan zaren ba sa harbawa a taɓawar farko, hana ƙarin yana iya zama bambanci tsakanin rai da mutuwa. Daga nan aka soma kafa sanduna masu ɗauke da kwalaben khal a bakin ruwa, aka kuma gargaɗi jama'a kada su goga wurin da yashi ko tawul, kada su wanke shi da ruwan sha, domin duk waɗannan suna tayar da jakunkunan. Shawarar ɗaure wurin da bandeji mai matsewa, wadda aka aro daga maganin saran maciji, ita ma an janye ta daga baya bayan gwaji ya nuna matsi yana ƙara fitar da dafi. Ko shi kansa khal ɗin bai tsira daga tuhuma ba, domin wani bincike da aka yi a Cairns a 2014 ya nuna yana iya ƙara matso dafi daga jakunkunan da suka riga suka harba, sai dai majalisar da ke tsara ƙa'idojin farfaɗo da marasa lafiya ta ƙasar ta duba hujjar ta bar shawararta yadda take.

Kariyar da ta fi kowace arha, kuma a ganin masu nazari da yawa ta fi kowace amfani, ita ce sutura. Ƙayoyin jakunkunan gajeru ne sosai, kuma abin da ke tayar da su ya haɗa da sinadaran da ke kan fatar mai rai, saboda haka ƙyalle mai kauri kaɗan yana isa ya raba su da jiki. Barnes ya gane haka, ya riƙa sanya doguwar safar mata ta nailan idan zai shiga kamun jelifish, kuma masu aikin ceto na arewacin Queensland suka bi sahunsa, suna sa ɗaya a ƙafa, ɗaya kuma a yanke ta a sa a hannuwa da ƙirji. Daga wannan dabara aka samo rigar roba mai laushi da ke rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, wadda a yau jiragen da ke kai masu yawon buɗe ido wurin murjani suke ba fasinjojinsu. Hartwick ya ƙara wani ginshiƙi da ya gano inda halittar ke fakewa a lokacin rani, domin ya sami 'ya'yanta ƙanana manne a ƙarƙashin duwatsu a bakin koguna, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri, suna jira har damina ta gabato su saki jiki su bi ruwa zuwa teku. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa haɗarin ke bin kalanda, da dalilin da ya sa bakin rafi da ranar da ruwa ya kwanta bayan an yi ruwan sama suka fi ko'ina hatsari, ya kuma tabbatar da abin da mutanen asali suka sani tun da daɗewa.

A farkon shekarun 1980 wani injiniya na Jami'ar James Cook, Kim Moss, ya ƙera ragar da ake killace wurin iyo da ita, wadda take rataye daga wani dogon bututu mai iska da ke shawagi a saman ruwa, ƙasanta kuma an ɗaura mata sarƙa mai nauyi, ana ja da ita ko a sake ta gwargwadon cikar teku da janyewarsa. Idon ragar ya kai milimita 25, wanda ya isa ya tare babban jelifish, kuma zuwanta ya zo daidai da bunƙasar yawon buɗe ido bayan buɗe filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa a Cairns a 1984. Amma ƙaramin jelifish ɗin da ke haddasa ciwon Irukandji yana ratsa wannan raga ba tare da wahala ba, shi ya sa masu ceto suke jan wata koma mai ƙananan idanu a cikin ruwa kowace rana a lokacin haɗari, kuma idan suka kama ko da guda ɗaya sukan rufe wurin. A 2002 wannan ƙaramar halitta ta nuna iyakar abin da aka sani game da ita, lokacin da wani Bature ɗan Birtaniya ya rasu bayan harbi a tsibirin Hamilton, sannan bayan 'yan watanni wani Ba'amurke ya rasu bayan harbi a wajen Port Douglas, dukansu ta hanyar zubar jini a ƙwaƙwalwa sakamakon hawan jini. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa jinsunan da ke haddasa ciwon suna da yawa, kuma masaniyar halittun teku Lisa-ann Gershwin ta bayyana wasu daga cikinsu. Har yanzu babu makarin Irukandji, abin da asibiti ke yi shi ne kashe zafi da magunguna masu ƙarfi da sa ido a kan jini da zuciya.

A daidai shekarun da ake samun galaba a kan jelifish, wani tsohon haɗari ya dawo. Kadan ruwan gishiri, wanda shi ne mafi girma cikin kadojin duniya, ya kusa ƙarewa saboda farautar fatarsa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka kafa dokar kare shi a Yankin Arewa, inda Darwin take, a 1971 da kuma Queensland a 1974, kuma a Yankin Arewa kaɗai adadinsa ya tashi daga kimanin 3,000 zuwa kimanin 100,000. Ragar jelifish ba a yi ta don kada ba, saboda haka hukumomi suka koma ga kafa tarkuna a tashar ruwan Darwin, inda ake cire kadoji sama da ɗari kowace shekara, da kafa allunan gargaɗi, da hana iyo da asuba da magariba da dare da kuma kusa da bakin kogi. Wasu garuruwa kuma suka zaɓi su raba mutane da teku gaba ɗaya, suka gina manyan tafkunan iyo na ruwa da aka tace a gefen gaɓa, kamar na Airlie Beach a 2001 da na Cairns a 2003. Sauran halittu masu dafi na yankin tarihinsu ya fi gajarta: kifin dutse, wanda ke kwance a ƙasa kamar dutse yana da ƙayoyi a gadon baya, an samar da makarinsa a 1959, kuma takalmi mai kauri da jiƙa ƙafa a ruwan zafi su ne kariya da taimakon farko, shi kuwa dodon koɗin teku mai siffar mazurari, wanda Flecker ya rubuta labarin kisan da ya yi a tsibirin Hayman a 1935, ba a da makarinsa, sai dai a bar shi inda yake kada a ɗauka.

Lissafin da aka tara tun daga shekarun 1880 ya nuna babban jelifish ɗin ya kashe fiye da mutum 60 a Ostireliya, kuma yawan mace-macen ya ragu sosai daga shekarun 1980. Sai dai raguwar ba ta zo daidai ga kowa ba, domin raga da masu ceto da sandunan khal sun taru ne a gaɓar garuruwa da wuraren da baƙi ke kashe kuɗi, alhali binciken likitocin Darwin ya nuna cewa waɗanda suka rasu a Yankin Arewa cikin shekarun baya yara ne, akasarinsu daga ƙauyukan mutanen asali masu nisa da asibiti, inda teku yake wurin neman abinci da wurin wasa a lokaci guda. Yaro ya fi babba shiga haɗari saboda ƙanƙantar jikinsa da taushin fatarsa, kuma tsawon zaren da zai bar babba da tabo kawai yana iya kashe shi. Bayan shekaru da dama ba a yi asarar rai ba, wani matashi ɗan shekara 17 ya rasu bayan harbi a kusa da Bamaga da ke tsinin Cape York a 2021, wani kuma ɗan shekara 14 ya rasu a kusa da Mackay a 2022. A wajen Ostireliya matsalar ta fi haka girma, domin dangin wannan halitta suna nan a ruwan Filifin da Malesiya da Tailan da tsibiran Okinawa na Japan, kuma a ƙauyukan masunta na Filifin ana yin mace-macen da yawancinsu ba sa shiga rajistar kowa. Tailan ta soma kafa sandunan khal da ragogi a tsibiran Samui da Phangan bayan mutuwar wasu baƙi da 'yan ƙasa, ta hanyar aron tsarin Queensland. A 2019 masu bincike a Jami'ar Sydney suka sanar da cewa dafin yana buƙatar kitsen kolestarol da ke jikin ƙwayoyin halitta kafin ya huda su, kuma wani magani da ke janye wannan kitse ya hana ciwo da mutuwar fata a jikin ɓeraye idan an ba da shi cikin minti 15, amma gwajin bai nuna ko yana hana zuciya tsayawa ba, kuma ba a kai ga amfani da shi a kan mutane a bakin ruwa ba.